'Yar Dalma a Jakar Hajiya

Kakana ne ya fara tsokana, ni kuma tun da aka haife ni ban taɓa barin tsokana ta wuce ni ba.

Mahaifin Umma ne, tsohon maharbi, yana can ƙauyenmu kusa da dajin Falgore da bindigarsa ta toka a rataye a bango. In ka ji shi yana ba da labari, babu dabbar da ta taɓa gilmawa ta gabansa ta koma wurin 'ya'yanta. Ni kuwa a unguwar Al Karama ta Dubai na girma, a bene, inda babbar dabbar dajinmu ita ce kyanwar da ke barci a kan motar mai shagon ƙasanmu. Duk Juma'a muna aika wa juna saƙon murya. Yana ce mini amarya, ina ce masa tsoho. Ya ce zai sake ni saboda ban iya tuwo ba, in ce masa ni ma dama mai haƙora nake nema. Haka muke.

Da muka gama jarrabawa, Kawu, ƙanin Umma da ke aikin kwamfuta yana zaune a Bur Dubai, ya ce zai kai ni wurin koyon harbi. Wuri ne mai izini, a rufe ruf, da sanyin da zai sa ka manta akwai rana a ƙasar nan. Ya sa hannu a madadin iyayena, aka ba ni tabarau da abin toshe kunne mai girman faranti. Wata mai koyarwa 'yar Filifin ta tsaya a bayana kamar mai jiran in sume ta tare ni.

Kawu mutum ne da ba ya iya miƙa maka ruwa sai ya gaya maka tarihin kofin. Kafin in taɓa komai ya jera mini abubuwa uku a kan tebur.

"Duba nan. Wannan ƙaramar, faɗinta milimita huɗu da rabi. Wannan biyar da rabi. Duka biyun dalma ce zalla, iska ke tura su, babu albarushi. Wannan kuma," ya nuna na ukun, mai kwanson tagulla, "shi ake ce wa ashirin da biyu. Faɗinsa kusan ɗaya da na biyar da rabi, amma kada faɗin ya ruɗe ki. Albarushi ne a cikinsa, a gefen gindinsa ake bugunsa ya tashi."

"Kawu, harbi na zo yi ko darasi?"

"Ke dai saurara. Ƙaramar ta fi gudu, tana tafiya a miƙe, amma ba ta da nauyi, iska kaɗan sai ta kauce. Babbar ba ta sauri, tana lanƙwasa kamar jifa, amma in ta sauka ta sauka."

"Ni da Umma ke nan."

"Zan gaya mata."

Na fara da ƙaramar. Na rufe ido ɗaya, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci, na ja kunama. Ƙarar da na ji ba ta fi ta buɗe kwalbar lemo ba. Na juya na tambayi mai koyarwar ko bindigar ta lalace, ta nuna mini ɗan rami a takarda, tsaf kamar an huda da tsinke. Ta biyar da rabi ta ɗan fi murya, raminta ma ana gani daga inda nake. Da aka kai ni layin ashirin da biyu, na riga na yi bankwana da kafaɗata, na ɗauka bindigar za ta jefa ni har garin Sharja. Ta ce tas, ta ɗan taɓa ni kamar yadda Umma ke zungurata a sahun salla, wari irin na ashana ya tashi. Na ja mariƙin baya, kwanson ya yi tsalle ya ɓace, ban bi ta kansa ba.

Sai a gida, da na cire hijabi, ya faɗo daga ninkin wuya ya gangara ƙarƙashin gado. 'Yan dalmar biyu kuwa ni na zura su a aljihu, don kawai sun ba ni sha'awa. Kowace tana da ƙugu a tsakiya kamar kalangun aljanu.

A ranar na aika wa Kaka saƙo mai tsawon huɗubar Idi. Na kwashe darasin Kawu kaf na juye masa kamar ni na ƙirƙiro shi. Amsarsa ta fara da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma dariya.

"Amarya, iska? Bindigar da ba ta hayaƙi ai busa ce. Kuma me kika ce girman abin, ƙwayar dawa? Da wannan za ki ciyar da ni? Ni abin da nake ɗura wa tawa, in ya faɗo miki a ƙafa sai an kai ki wurin mai ɗori. Wai wannan ta fi gudu, waccan ta fi nauyi. Ku 'yan birni kuna auna gashin sauro. Sai na riƙe a hannuna zan yarda."

Na tura masa hoto, ya ce shi bai ga komai ba sai yatsuna. Shi ke nan magana ta zauna mini a wuya. Tsoho yana so ya riƙe a hannunsa? To, zai riƙe.

A nan Hajiya ta shigo labarin, ba tare da ta sani ba.

Hajiya 'yar Maraɗi ce, tun kafin a haife ni take safarar kaya tsakanin kasuwar Deira ta nan Dubai da Kano da garinsu. Duk Bahaushen da ke Dubai ya fi sanin ranar tafiyarta a kan ranar salarinsa. Ana saura kwanaki mutane za su fara tururuwa da ledoji: wannan turare na uwarsa, wancan waya ta matarsa, wata takalmin jarirai. Ba ta cewa a'a, amma tana da doka ɗaya. Kowane saƙo a gaban mai shi take kwance shi, ta shinshina, ta girgiza, ta ɗaga a haske. Na taɓa ganin ta lashi wani gari da wani injiniya ya kawo, ta tauna, ta dube shi ta ce, "Bon, madara ce," sannan ta karɓa. Mutum ɗaya ne ba ta buɗe wa saƙo: Umma. Umma nas ce, ita ta yi jinyarta lokacin da ciwon suga ya kayar da ita, tun daga nan Hajiya ta ce, "Ni da ke babu duwan, babu bincike."

Na san wannan sarai. Shi ya sa na samu gwangwanin alewar na'ana'a, na cinye alewar, na zuba 'yan dalmar biyu da kwanson, na tura shi cikin ledar da Umma ta haɗa wa Kaka, tsakanin hula da man zafi da dabino. Da hannuna na kai ledar Deira. Hajiya ta karɓa ta ajiye gefe, ta ba ni biskit, ta ce na yi hankali.

Ranar Asabar ce tafiyarta, jirgin yamma. Da hantsi ina kwance ina jin daɗin kaina, sai na ga bai kamata duniya ta rasa ganin hoton nan da na tura wa Kaka ba. Na sa shi a guruf ɗin gidanmu, na rubuta a ƙasa cewa tsoho ya shirya shan mamaki. Ban ajiye wayar ba ta fara ruri. Kawu ne.

"Hoton nan a ina kika ɗauke shi?"

"Ya yi kyau ko?"

"Ledar teburin kicin ɗin Yaya nake gani a ƙarƙashin hannunki. Fitowa da su kika yi daga wurin harbin?"

"Kwanson shi ya biyo ni da kansa."

"Suna ina yanzu?"

Ban taɓa jin muryar Kawu haka ba. Babu darasi a cikinta, babu tarihi.

"Suna Deira," na ce.



"Kada ki ce mini a kayan Hajiya."

"Kawu, ai babu komai a cikinsa, an riga an harba. Fanko ne."

"Na'urar filin jirgi ba ta san fanko ba. Kwanson harsashi za ta gani. Kuma ba za su tambayi wa ya sa ba, mai jakar za su riƙe. Kin san me ake nufi da a riƙe mutum a kan harsashi a ƙasar nan? Bizarta, kasuwancinta, komai. Tsohuwa mai ciwon suga. Ba ni Yaya."

Daga ɗakina zuwa kicin taku kaɗan ne, amma a ranar sai da na ji kamar na je Kano a ƙafa. Umma tana yanka albasa. Na miƙa mata wayar na koma bayan firji. Ta saurara, wuƙar ta tsaya a iska. Ta ce innalillahi, ta sake cewa, ta ajiye wuƙar a hankali, abin da na gode wa Allah a kansa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kashe gas, ta zura abaya, ta ce, "Sa takalminki." Da ma duka ta yi, da na fi samun sauƙi.

Ta kira Hajiya muna sauka daga bene, ba a ɗauka ba. Ta sake kira a bakin titi, ba a ɗauka ba. Ranar tafiya Hajiya ba ta san inda wayarta take ba, kowa ya san haka, amma ni zuciyata ta riga ta yanke cewa ta tafi filin jirgi da wuri, an riga an kama ta, ana ɗaukarta hoto ta gaba da ta gefe.

A cikin metro, a ɓangaren mata, na tsaya riƙe da ƙarfe ina kallon ƙofa. Jirgin nan da kullum nake cewa ya cika sauri, ranar ya zama jaki. Kowace tasha sai ya tsaya ya gaisa da jama'a. Na ga Hajiya a raina zaune a wani ɗaki mai farin fitila, babu allurarta, tana yi wa 'yan sanda bayani da Hausar Maraɗi da Faransanci, babu mai ganewa. Na ga an ɗaga gwangwanin da abin tsinke, an tambaye ta na wane ne, ta ce na wata yarinya ce mai hankali. Wata 'yar Indiya da ke kusa da ni ta miƙo mini tishu. Ban ma san ina hawaye ba.

Muka fito, zafi ya mare mu. Muka kutsa lungunan Deira, tsakanin masu tura amalanke da kwalaye da masu kiran kago, kago, suna neman mai kayan aikawa. Kawu ya tsallako ruwa da abra, ɗan kwalekwalen nan mai inji, muka same shi a ƙofar ginin yana haki, rigarsa ta manne da bayansa. Bai kalle ni ba.

Hajiya tana nan. Wallahi da na ga takalmanta a bakin ƙofa sai da na yi hamdala da ƙarfi.

Fulat ɗinta ɗaki ɗaya ne da falo, falon kuwa babu wurin taka ƙafa. Manyan jakunkuna huɗu a tsaye, an naɗe kowace da leda da salatif har ta koma kamar gawar Fir'auna. Hajiya tana zaune a kan ɗaya tana shan shayi, ta riga ta yi wanka ta sa turare.

"A'a, maraba da 'yan Karama. Rakiya kuka zo yi mini? Har da injiniya?"

Umma ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta juyo ta kalle ni. "Gaya mata."

Na gaya mata. Na fara da Kaka, Umma ta ce in bar Kaka. Na fara da milimita, Kawu ya ce in bar milimita. A ƙarshe dai na ce akwai kwanson harsashi da dalma biyu a cikin kayanta, ni na sa.

Hajiya ta ajiye kofin.

"Mi kika ce, ɗiyata?"

Na maimaita, muryata kamar ta sauro.

Ba ta dube ni ba. Umma ta duba, ta daɗe tana dubanta. Umma ta sunkuyar da kai. Wannan kallon ya fi mini duk abin da ya faru a ranar ciwo.

"Bon," Hajiya ta ce. "Yalla, a kawo almakashi."

"A wace jaka ledar take, Hajiya?" Kawu ya tambaya.

"Wace leda? Kai kana tsammani da ledojin mutane nike tafiya? Ina za su shiga?"

Ashe haka take aikinta. In ta gama karɓar saƙo, sai ta zazzage kowace leda, ta rubuta alamar mai shi a jikin kaya, ta bi jakunkuna tana cusa ƙanana a cikin manya. Turare cikin takalmi, waya cikin tukunya, sarƙa cikin safa. Ta tuna gwangwanin, ta ce ta girgiza shi ta ji yana ƙara, ta ɗauka maganin tsoho ne. Inda ta cusa shi ne ba ta tuna ba.

Muka farke jaka ta farko. Aikin da ta kwana biyu tana yi, muka rushe shi a tsakar falo. Abayoyi, agoguna, man shafawa, wata na'urar markaɗe da aka cika cikinta da ɗan kunne. Babu. Ta biyu ma babu, sai hular Kaka da na gani a cikin wani filas, na ji kamar in shiga filas ɗin in rufe kaina. Mai tasin da zai kai ta filin jirgi ya kira, Hajiya ta ce masa ya ɗan jira, "Shuwayya, habibi, shuwayya," ta kashe.

Ta uku ita ce jakar lefe. Wani ɗan Zandar da ke aiki a kamfanin kago ne ya haɗa wa ƙaninsa, biki ya matso. Leshi, mayafai, takalman amarya, jakunkunan hannu, da ledar duwatsun ado irin waɗanda tela ke jerawa a wuyan riga. Umma ta ɗaga wani leshi, sai ga gwangwanin.

A buɗe.

Hajiya ta ce ai sai da ta hau kan jakar nan ta zauna kafin zif ya rufu. Nauyin nan ne ya fasa murfin, ya kuma fasa ledar duwatsun, suka watsu ko'ina, dubbai, masu launin azurfa da toka.

Kwanson bai ba mu wahala ba, yana ƙyalli a cikin ninkin mayafi. Kawu ya damƙe shi kamar zai gudu. Ta biyar da rabi Umma ce ta taka ta, ta ce wash, ta ɗago ta daga tafin ƙafarta. Saura ƙaramar.

"Yaya girmanta?" Hajiya ta tambaya.

Na ɗauki dutsen ado ɗaya na nuna mata. "Kamar wannan."

"Launinta fa?"

Na sake nuna mata dutsen.

Ta dubi tabarmar da duwatsu suka rufe, ta dubi sama. "Ya Allah. Da ba ki samu babba ba ne, ɗiyata? Ko igwa ki sa mini, mu gan ta mu huta?"

Umma ta ciro maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji, mai siffar raƙumi, ta fara bin kaya da shi. Kawu ya ce, "Yaya, dalma ba ta kama maganaɗisu." Umma ta ce in ya sake buɗe baki da wani ilmi za ta manna masa raƙumin a goshi, shi da ya kai 'yar mutane wurin bindiga.

"Wannan ƙaramar ita kaɗai, anya za su kula?" Umma ta tambaya can.

"Wataƙila ba za su kula ba," Kawu ya ce. "Wataƙila kuma su kula. Ni ba zan ce mata ta gwada ba."

Mai tasi ya sake kira. Hajiya ta miƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Jakar lehe ta zauna. In tahi da ukun."

Ta kira ɗan Zandar ɗin a gabanmu. Muna jin muryarsa tana tashi ta cikin wayar, yana cewa biki, yana cewa surukai, yana cewa ya riga ya gaya wa kowa. Na jira ta ambace ni. Ba ta ambace ni ba. Ta ce, "Laifina ne, akwai saƙon da ban buɗe ba. Ka yi haƙuri, za ta biyo ni." Umma ta juya fuska wajen taga.

Muka mayar da kayan biyun da muka farke da sauri, ana cusawa ana dannawa, Kawu yana ja da salatif da haƙora. Har an ɗaure ta ƙarshe sai wani abu ya faɗo mini a rai.

"Hajiya, ɗazu da muke neman wuri, mun ɗora kayan lefen a kan na sauran jakunkunan."

Kowa ya tsaya.

"To in ta gangara cikinsu fa?"

Babu lokacin sake farkewa. Hajiya ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Ta buɗe ta ce, "Dakor. Ga yadda za a yi. Ni da injiniya mu tahi. Zan tsaya bakin wurin awo, ba ni miƙa ko jaka ɗaya sai kun kira kun ce kun gan ta. In an ruhe ban ji ku ba, na hasa tahiyar, halas."

Ta ba Umma makulli. Aka sauke jakunkuna, ƙofa ta rufu, muka rage ni da Umma da lefen mutane.

Umma ta kashe fanka, ta shimfiɗa farin zanin gado a ƙasa, ta ɗauko tire biyu daga kicin. Ta ce kowane abu sai an kakkaɓe shi a kan zanin, kowane dutse sai ya bi ta hannuna. Mai rami a tsakiya dutsen ado ne, ya tafi tiren dama. Na durƙusa na fara.

Ban san duwatsu nawa tela ke buƙata don riga ɗaya ba, amma na rantse ɗan Zandar ɗin nan garin Zandar gaba ɗaya zai yi wa ado. Gumi yana ɗiga daga hancina. Kowane dutse sai in ce ita ce, in juya shi in ga rami. Na fara yi wa Allah alkawura. Na bar tsokanar malamin lissafi. Na bar cin naman miya kafin a sauke. Zan koyi tuwo.

Wayar Umma ta yi ƙara. Kawu ne, sun isa, layi yana tafiya.

Muka gama duwatsun da ke ƙasa, babu. Muka warware leshi ɗaya bayan ɗaya, muka kaɗa, duwatsu suka zubo, babu. Mayafai, babu. Na zura hannu cikin kowace jakar hannu har aljihun da ba a taɓa buɗewa ba. Na bi ɗinkin gindin babbar jakar da farce.

Kawu ya sake kira. Ya ce Hajiya ta bar mutane suna wuce ta, wani ma'aikaci ya zo ya tambaye ta ko lafiya, ta ce jiran ɗanta take. Ya ce ta zauna a kan amalanken kaya, ya saya mata ruwa. Umma ta ce ya tabbata ta ci wani abu. Ta kashe wayar.

"Umma," na ce.

"Nemi abin da kike nema."

Saura takalma. Mun riga mun juye su tun Hajiya na nan, amma babu sauran abin dubawa sai su. Na ɗauki kowanne na buga a ƙasa, na leƙa. Na zo kan wani mai tsini, ruwan zinariya, wanda masu shago suka cusa wa takarda a baki don kada ya lotse. Na buga, babu abin da ya faɗo. Har zan ajiye sai na ja takardar da yatsa biyu, na warware ta a kan zanin.

Duwatsu uku suka gangaro. Biyu suka yi ta birgima. Ɗaya ta faɗi ta tsaya inda ta faɗi.

Na ɗauke ta. Babu rami. Ga ƙugun nan a tsakiya.

Na miƙa wa Umma tafin hannuna kawai. Ta ɗauke ta, ta kai ta bakin taga, ta juya ta a haske, ta sa ni na rantse cewa guda biyu ne tun farko, ba uku ba. Na rantse. Ta kira.

"Hajiya, ga ta a hannuna."

Ina jin hayaniyar filin jirgi ta cikin wayar. Hajiya ta ce, "Alhamdulillahi," ta ce wa wani, "Yalla, ɗora," wayar ta katse.

Ba mu tashi ba. Umma ta ƙulle 'yar dalmar a bakin mayafinta, ta ce gobe ni da Kawu za mu mayar da duka ukun inda muka samo su, kuma ni zan yi bayani da bakina. Na ce to. Muka zauna a tsakiyar lefen mutane, wayar tana kan tire, muna kallonta. Na san babu komai a jakunkunan nan uku, ni na ga abin da idona, amma duk da haka ban ɗauke ido daga kan wayar ba.

Da wayar ta yi ƙara, Umma ta sa ta a sifika.

"Na wuce," Hajiya ta ce. Tana tauna wani abu. "Ina zaune bakin ƙohwar jirgi. Ɗiyar nan tana kusa?"

"Ga ni, Hajiya."

"Lehen nan, ki ninke shi yadda kika same shi. Duwatsun ki mayar cikin leda, ko ɗaya kada ya ɓace. Akwai wata mai tahiya Zandar cikin satin nan, ke za ki kai mata da kanki, ki tsaya ta buɗe a gabanki."

"To, Hajiya. Hajiya, don Allah ki yi..."

"An kira mu," ta ce, ta kashe.

Umma ta jingina da bango, ta rufe ido. Na jawo leshi na farko, na nemi bakinsa, na fara ninkewa.